Tsaba Dabam, Ƙaiƙayi Dabam

Jawabin da aka yi wa iyaye da malamai da matasa a taron jubili

  

Kalmar nan jubili daga bakin Ibraniyawa ta fito, asalinta kuwa ƙahon rago ne. Cikin Littafin Firistoci sura 25 an umurci Isra'ilawa su busa ƙaho a shekara ta 50, bawa ya koma wurin danginsa, gonar da aka sayar ta koma hannun mai ita. Ashe jubili ranar 'yanci ce. Saboda haka dattawa suka ga ya kamata, bayan mun gode wa Allah domin shekarun da suka wuce, mu dubi yaranmu kuma, mu ga ko akwai wani sabon ubangida da ke neman ya bautar da su. Kusan rabin mutanen ƙasarmu ba su kai shekara 15 ba. Ekklesiyar da za ta yi jubili na gaba tana zaune yau a kan tabarmar yara. Maganarmu a kan abin da ke shiga idonsu da kunnensu ne.

Yadda labari ya riƙa iso mana

A shekarar 1924 masu bishara na Sudan Interior Mission suka sauka Damagaram. A zamanin nan, wanda ke son labari sai ya je kasuwa, ko ya tari fatake. Wasa a dandali a ke yi da farin wata, tatsuniya kuwa a ɗakin kaka. Kowane abin da yaro ya ji, akwai babba kusa wanda ya ji tare da shi.

Masu bishara na fari ba su ji tsoron sabon abu ba. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aka koya wa manoma da makiyaya karatu domin su karanta da kansu. An nuna hotuna da majigi a jikin bango, an sa faifan garmaho a ƙauyuka. A 1954 gidan rediyon ELWA ya soma magana daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya, masu bi suka riƙa kewaye akwati guda suna jin wa'azi da waƙoƙi da Hausa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, ƙasarmu kuma ta sami gidan rediyonta a 1958. Bayan wannan sai kaset, sai talabijin, sai bidiyo. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, daga nan finafinan Hausa suka yi ta ƙetaro iyaka har suka cika kasuwanninmu. Yau ga salula a aljihun ɗan kabu-kabu da na mai tallan goro.

Mun jera waɗannan domin kada wani ya fita daga nan ya ce mai bishara ya la'anci na'ura. Da salula tsohuwar da ba ta yi lakol ba ta ke sauraron Linjila da harshenta. Da ita uwa ke jin muryar ɗanta da ya tafi cin rani, manomi kuma ya san kuɗin tiyar hatsi a Maradi tun bai ɗaura wa jaki kaya ba. Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa, ba kuwa wanda ya jefar da wuƙa saboda wannan.

Abin da ya sake

A zamanin iyayenmu, cikin ekklesiyoyi da yawa, doka ce mai bi ba ya shiga silima. Dokar ta yi aiki, gama silima tana can tsakiyar birni, tana da ƙofa da mai karɓar kuɗi, wanda ya shiga kuwa ba ya rasa mai ganinsa. Yanzu silimar ta baro birni, ta shigo gida, ta shiga ɗaki, har ta shiga cikin bargo. Dā jama'a ke kallo tare, wani ya yi tsaki, wani ya ce ƙarya ne, yaro yana ji. Yanzu yaro shi kaɗai ne, ya toshe kunnuwansa, ba mai yi masa tsaki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Dā mutum ne ke zaɓen abin da za a nuna. Yanzu na'ura ce ke zaɓe. Ku gane wannan sosai, 'yan'uwa. Masu Facebook da YouTube da TikTok ba sadaka su ke yi ba. Kuɗinsu daga masu talla ya ke fitowa, masu talla kuwa suna biya gwargwadon yawan masu kallo da daɗewarsu. Saboda haka an shirya na'urar ta riƙa lura da kai. Abin da ka tsaya a kansa, ko na ɗan lokaci ne, ta riƙe, sai ta kawo maka irinsa, kāna ta kawo wanda ya fi shi yaji. In yaro ya tsaya a kan faɗa, faɗa za ta ƙaro masa. In ya tsaya a kan tsiraici, shi za ta ƙaro. Ba ta san yaron wane ne shi ba, ba ta kuwa kula. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ga kamar kyauta ya ke kallo, da kwanakin ransa ya ke biya.

Hani kaɗai ba ya isa

To, me za mu yi? Waɗansu iyaye sun ce a ƙwace salula, a fasa akwatin. Ga ƙaramin yaro hani yana da wurinsa, za mu kuwa komo kan wannan. Amma wanda ka hana a gida zai gani a gidan kallo, ko a fada wurin abokansa masu shan shayi, ko a salular ɗan ajinsu. Ran da ya tafi jami'a a Yamai ko ya tafi neman kuɗi, wa zai bi shi da bulala?

Ku tuna da Daniyel. Yaro ne sa'anda aka kwashe shi zuwa Babila. Aka sake masa suna, aka sa shi makarantar Kaldiyawa shekara 3, ya koyi harshensu da littattafansu, har ya fi 'yan ƙasar. Karatun ya karɓa. Amma da aka kawo abincin sarki sai ya ƙi, ya roƙa a gwada su da ganye da ruwa kwana 10. Uwarsa ba ta wurin, ubansa ba ya wurin, ba firist da ke dubansa. Wa ya hana shi? Abin da aka sa masa a zuciya tun yana ƙarami a ƙasar Yahuda, shi ya bi shi har Babila. Ya san abin karɓa, ya san abin ƙi.

Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan aiki. Ba macen da ke zuba damin gero cikin tukunya yadda ya fito daga rumbu, ba kuma wadda ke zubar da damin domin akwai ƙaiƙayi a jikinsa. Sai ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta bakace, ta tsince tsakuwa, kāna ta kai ga tuwo. Yarinya kuwa ba da wa'azi ta ke koyon sheƙa ba. Tana tsaye kusa da uwarta, tana ganin yadda a ke juya wa iska baya, ran nan a miƙa mata ƙwarya a ce ta gwada. Haka mu ke so a koya wa yaranmu kallo da sauraro. Ga tambayoyi biyar da za mu sa a hannunsu, su zama musu faifan bakace.

Ta fari: Wa ya yi wannan, me kuma ya ke nema?

Kowane fim da kowace waƙa da kowane saƙo, wani ne ya zauna ya shirya shi, yana kuwa da bukata. Wani kuɗi ya ke nema, wani suna, wani ƙuri'a, wani so ya ke ka ƙi wanda shi ya ƙi. Mai tallan cacar ƙwallo zai nuna maka saurayi guda da ya ci, yana dariya a kan sabon babur. Ba zai nuna maka sauran da suka zuba kuɗin makaranta suka tashi hannu wofi ba, alhali da kuɗinsu aka sayi babur ɗin. Tambayar nan ba ta tsallake masu wa'azi ba. In mutum ya fito a talabijin da Littafi Mai Tsarki a hannu, yana sayar da mai ko ruwa a kwalba, yana cewa a aiko kuɗi a karɓi mu'ujiza, a tuna da Siman mai sihiri cikin Ayyukan Manzanni sura 8, da irin amsar da Bitrus ya ba shi sa'anda ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi.

Ta biyu: Gaskiya ne?

Kakanninmu sun ce gani ya kori ji. A zamaninmu sai a yi hattara da ganin ma. A kan ɗauki hoton abin da ya faru a wata ƙasa shekarun baya, a ce jiya ne a garin kaza. A kan yanke maganar mutum a bar rabi. Yanzu har akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗi ba.

A watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zaga Nijeriya cikin dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, shi ne rigakafi. Mutane suka ta da 'yan'uwansu daga barci domin ƙauna. Da yawa suka kwanta asibiti, har waɗansu suka mutu, ba kuwa Ebola ce ta kashe su ba. Mutanen Biriya, cikin Ayyukan Manzanni sura 17, Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi, duk da haka kowace rana su kan koma ga Littattafai su gwada maganarsa, aka kuwa yabe su saboda wannan. In an gwada maganar manzo, balle saƙon da ba a san mai shi ba? A koya wa yaro ya tambaya: wa ya faɗa, yaushe, a ina, wane ne kuma ya ji ban da shi? Maganar magani a kai ta wurin likita. Maganar bangaskiya a kai ta ga Littafi.

Ta uku: Me ya bari a zuciyata?

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba a sanin abinci a baki kaɗai, sai ya kwana a ciki. Bayan ka kashe akwatin, dubi zuciyarka. Ka tashi da ƙaunar mutane ko da raina su? Ka tashi da godiya, ko kuwa ɗakin ubanka ya zama maka abin kunya domin ka ga benaye da motoci? Kana iya durƙusawa ka yi addu'a nan take, ko sai ka jira abin ya wanke? Dawuda sarki ne, mai waƙoƙin Zabura, amma faɗuwarsa daga kallo ta soma, a kan soro da maraice, a lokacin da ya kamata yana wurin aikinsa. Hotunan batsa su kan koya wa saurayi duban mace kamar kayan kasuwa, ya kai wannan ido har cikin aurensa. Bulus ya ba Filibiyawa ma'auni cikin sura 4 aya 8. Muna roƙon malamai su sa kowane yaro ya haddace ayar nan kafin ƙarshen shekara.

Ba mu ce kowane fim sai na Littafi ba. Akwai finafinan Kano da ke koyar da girmama iyaye da riƙon amana, akwai kuma waɗanda ke sa yarinya ta ɗauka aure lefe ne da gidan sama. Akwai na Indiya da aka juya da Hausa, masu daɗin dariya, amma cike da ramuwa da zub da jini. Ƙwallo ma ba zunubi ba ce. Bulus ya san waƙoƙin Helenawa, har ya kafa hujja da su a Atina. Abin nema shi ne yaro ya iya cewa, wannan tsaba ce, wannan ƙaiƙayi.

Ta huɗu: Me ya ci mini?

Abu ya kan zama ba laifi a cikinsa, amma ya cinye wurin abin da ya fi shi. Ku yi lissafi da kanku. Wanda ya ba salula awa 3 kowace rana, a shekara ya ba ta awa 1,095, watau fiye da kwana 45 dare da rana. Wanda ya ba ta dala 40 kullum, a shekara ya ba ta jika 73. Da wannan lokaci da wannan kuɗi sai a koyi ɗinki ko gyaran babur. In barci ya ragu, karatu ya lalace, shuka ta makara, wurin zamanka cikin sujada ya zama wofi domin ana wasa a Ingila ko Sifen, to, abin ya tashi daga bara ya zama ubangida. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: ajiye shi yini guda. In ka kasa, ka san wanda ke mulkin wani.

Ta biyar: In na tura, wa zai ƙone?

Wannan ta fi sauran nauyi a gare mu, gama mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta masu yawa. Ba mu manta da watan Janairu 2015 ba. Wata jarida a birnin Paris ta buga zane wanda ya ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. Ba mu muka zana ba, ba mu kuwa yarda da shi ba. Amma ran 16 ga wata a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, aka ƙone majami'u da yawa, aka yi hasarar rayuka. Muna tunawa kuma da maƙwabta Musulmi waɗanda suka ɓoye masu bi cikin gidajensu, Allah ya sāka musu. Abin da aka zana a nesa, nan ya ci wuta.

Yaƙub ya kwatanta harshe da 'yar wuta mai cinye kurmi. Yau yatsa ya zama harshe. Magana zarar bunu ce, wadda aka tura a WhatsApp kuwa ta fi bunu wuyar mayarwa. Ɗan mai bi kada ya tura ba'a ga addinin wani, ko zagin wata kabila, ko hoton da zai tona asirin 'yar mutane, ko labarin tashin hankalin da bai tabbatar ba. Wanda ya tura ƙarya ya yi shaidar zur, ko da ba shi ya ƙaga ta ba. Saƙon da ya iso gare ka yana cewa maza ka tura wa mutum 10, bari ya mutu a hannunka.

Gare ku iyaye

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Cikin Kubawar Shari'a sura 6, wurin koyarwa da aka nuna wa Isra'ila shi ne gida da hanya, lokacin kwanciya da na tashi. Malamin Lahadi awa ɗaya ya ke da ita a mako, sauran naku ne. Kada ku miƙa wa ɗan goye salula domin ya yi shiru. Yaron da bai isa a aike shi kasuwar birni shi kaɗai ba, bai isa a bar shi da intanet shi kaɗai ba. Akwatin kallo ya zauna a tsakar gida inda kowa ke gani. Da dare salulolin gida su kwana wuri ɗaya, ta uba ma a ciki, gama yaro ya fi bin sawu da bin baki. A kan akushi kuma, da lokacin addu'ar iyali, a kashe su.

Ku zauna ku yi kallo tare da su. In an gama, ku tambaya: wane ne ya kyauta cikin labarin nan, wa ya yi laifi, da kai ne me za ka yi? Kada wata uwa ta ce ita ba ta yi lakol ba. Yaro ya fi ki sanin maɓalli, ke kin fi shi sanin mutane, ba kuwa maɓalli ke ruɗin yaro ba. In ɗanku ya zo ya ce ya ga mugun abu, ko wani baƙo yana aiko masa saƙo yana neman hotonsa, kada duka ya riga sauraro. Wanda aka doka domin ya faɗi gaskiya, gobe ɓoyewa zai yi.

Gare ku malamai da dattawa

Ku kawo maganan nan cikin aji. Ku ɗauki waƙar da yara ke yi a titi, ko wani saƙo da ke yawo a gari, ku sa su su bakace shi da tambayoyin nan biyar, su da kansu. Kada kuma mu ƙwace abu daga hannun yaro mu bar hannun wofi. A raya ƙungiyar waƙa da wasan kwaikwayo na Kirsimati da Ista, a buga ƙwallo a filin ekklesiya, a sa tsofaffi su ba da labarin yadda suka ba da gaskiya tun suna da rai, matasa su ɗauka da salularsu su ajiye wa na baya.

Gare ku samari da 'yammata

Ba domin mun raina ku mu ke wannan magana ba. Kun san abubuwa da yawa da iyayenku ba su sani ba, ekklesiya kuwa tana bukatar saninku. Amma idonku da kunnenku an saye su da tamani mai tsada, kada ku bayar da su ga kowane mai talla. Wanda abin nan ya riga ya ɗaure shi, ko caca ko batsa, kada ya zauna da shi cikin duhu. Ya nemi dattijo ko uwa cikin ekklesiya wadda ya amince da ita, ya faɗa, a yi addu'a tare, a taimake shi. Akwai gafara wurin Yesu, akwai kuma kwancewa. Shekarar jubili ce, bawa ya koma gida.

Bari mu sunkuyar da kai. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin waɗanda suka kawo mana Maganarka, da waɗanda suka riƙe ta har ta iso gare mu. Ka tsare idon 'ya'yanmu da kunnensu da yatsunsu. Ka ba iyaye haƙuri, ka ba malamai hikima, ka ba ƙasarmu salama tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.